Matan Keita da Darajar Wanda Ake Taimaka Wa

Masana aikin kula da jama'a sun daɗe suna koyar da ƙa'ida guda: a kare mutuncin mabuƙaci, a kuma bar masa ta-cewa a cikin al'amarinsa. Tarihin ƙasar Adar, a jihar Tawa, ya gwada wannan ƙa'ida a aikace.

A shekarar 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Nijar suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, domin kare gero daga iska. Bayan nan, a 1984, shekarar babban fari, aka ƙaddamar da aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar FAO, hukumar PAM kuwa tana biyan ma'aikata da abinci. A lokacin, magidanta da yawa daga Keita, Buza da Madawa sun tafi ci-rani. Saboda haka mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu, da haƙa ramukan tare ruwa a kan fako, da dasa miliyoyin itatuwa.

Abin lura shi ne, matar da ta karɓi hatsi a ƙarshen aiki ta karɓe shi ne a matsayin ladan guminta, kanta a ɗage. Wannan ya yi daidai da al'adar gayya da Bahaushe ya gada. Ya kuma dace da tunanin da Mahbub ul Haq da Amartya Sen suka shigar cikin rahoton farko na ci gaban ɗan Adam a 1990, cewa ana auna ci gaba ne da abin da mutum ya samu ikon yi da rayuwarsa.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata malamai su ajiye a gaban ɗalibansu. Wadda ta farfaɗo da fako da hannunta, shin ta samu gona a cikinsa? An nemi shawararta kafin a zana aikin, ko kuwa ƙarfinta kawai aka nema? A ƙasar da gado da sarauta ke raba filaye, ladan yini bai kai mallaka ba. Mutunta mabuƙaci yana farawa daga hatsin da ya ci da guminsa, amma cikarsa sai ranar da ya zauna inda ake yanke shawara.