Abin da ke sa ƙasa motsi a Abuja da kewayenta

Tsakanin 5 da 7 ga watan Satumban 2018, ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da Maitama da wasu unguwannin Abuja, har wasu mazauna suka fice daga gidajensu. Hakan ya sake aukuwa a Mpape a Satumban 2024, kamar yadda aka taɓa gani a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016. Ƙarfin motsin na Abuja bai wuce kimanin maki 3 a ma'aunin girgizar ƙasa ba.

Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faya-faye masu tafiya a hankali, kuma mafi yawan girgizar ƙasa na aukuwa ne a inda suke gogayya, kamar a Japan da Turkiyya. A inda wani faifai ya nutse ƙarƙashin wani, girgizar kan taso daga zurfin kilomita 70 har zuwa 700, irin wadda ake yawan samu a ƙarƙashin tsaunukan Hindu Kush na Afganistan.

Nijeriya kuwa tana can cikin faifan Afirka, nesa da irin waɗannan iyakoki. Sai dai Abuja na zaune ne kan tsohon dutse mai shekaru sama da miliyan 500, wanda ke ɗauke da tsofaffin tsagogi. Masana na ganin cewa matsin da ke tasowa daga tsakiyar Tekun Atlantika, inda ƙasan teku ke buɗewa, yana taruwa a waɗannan tsagogi har dutsen ya goce. Gocewar wani sashe kan tura nauyi ga na kusa da shi, shi ya sa motsin ke zuwa bi da bi cikin 'yan kwanaki. Mafarinsa bai kai zurfin kilomita 20 ba.

Ana kuma zargin ayyukan ɗan Adam da ƙara tsananta lamarin. A 2018, Ministan Abuja na lokacin, Muhammad Musa Bello, ya dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankunan da abin ya shafa.

Wannan batu ya shafi unguwanni masu cunkoso irin su Nyanya, da ke bakin iyaka da Jihar Nasarawa, inda gidaje ke manne da juna kuma jama'a da dama suka dogara da burtsatse. Ƙaramin motsi ba ya rushe ingantaccen gini, amma yakan tsaga bangon da aka yi wa ƙwauron siminti da rodi.