Birnin Kebbi (ƙaramar hukuma)

Birnin Kebbi ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, arewa maso yammacin Najeriya, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar. Hedikwatarta tana cikin garin Birnin Kebbi, wanda shi ne babban birnin jihar kuma mazaunin Sarkin Gwandu. Yankinta ya zarce garin, domin ya haɗa da garuruwa da ƙauyukan da ke bakin fadamar kogin Rima. A ƙidayar 2006 tana da mutane fiye da 260,000.

Tarihi

Garin ya taɓa zama babban birnin daular Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci shi da yaƙi, daga baya sarakunan Kabi suka kafa fadarsu a Argungu, arewa maso gabas da garin. A farkon mulkin Turawa aka dawo da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi. Yankin yana cikin Jihar Sakkwato har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi.

Tsarin mulki

Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu 15, kowace da kansilanta. Daga cikinsu akwai Nasarawa I, Nasarawa II, Dangaladima da Marafa a cikin gari, sai Gwadangaji, Zauro, Ambursa, Gulumbe da Makera a kewaye. Baya ga shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni ƙarƙashin masarautar Gwandu, waɗanda jama'a ke kai wa ƙorafin gona da na zamantakewa. A Majalisar Wakilai, Birnin Kebbi tana mazaɓa ɗaya da Kalgo da Bunza, a Majalisar Dattawa kuwa tana cikin Kebbi ta Tsakiya.

Tattalin arziki

Yawancin mazauna cikin gari ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa. Na karkara kuwa sun dogara da noman shinkafa a fadama, damina da rani, da kamun kifi da kiwo. A nan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015.

Muhimman wurare

Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.