Yadda masana'antu ke karɓo tsofaffin kayansu

Manyan masana'antu da dama a duniya sun shimfiɗa hanyar karɓo kayan da suka sayar, bayan kayan sun tsufa ko sun lalace.

Tsarin dai sananne ne ga duk wanda ya taɓa mayar wa mai shago kwalbar lemo, wadda motar kamfani kan kwasa domin a wanke a sake cikawa.

Kuɗin jingina

Kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda daga sunansa Hausawa suka samo kalmar katafila, ya fara sabunta tsofaffin injuna ne a shekarar 1973.

Idan mutum zai sayi injin da aka sabunta, yakan biya kuɗin jingina a kan farashin. Dillali zai mayar masa da kuɗin idan ya kawo tsohon injinsa kuma aka ga bai lalace fiye da kima ba.

Daga nan sai a kai injin masana'anta, a kwance shi, a wanke sassansa, a auna su. Waɗanda suka ci sai a gyara ko a musanya, sauran ƙarfen kuma a narkar.

Ana sayar da irin wannan inji a farashin da bai kai na sabo ba, amma da garanti irin na sabo.

Inda gizo ke saƙa

Kamfani ya san yawan kayan da zai fitar, amma bai san ranar da za su dawo, ko halin da za su dawo a ciki ba.

Don haka kafin a kafa tsarin, sai an tanadi wuraren tattarawa, da ma'aikatan tantancewa, da kuma rajistar bin sawun kaya.

Haka kuma idan kuɗin dako ya zarce darajar kayan, to asara ce za ta biyo baya.

Matsin doka

A wasu ƙasashen doka ce ta tilasta hakan. A 1991 Jamus ta ɗora wa kamfanoni alhakin karɓar kwalaye da robobin da suke zuba kaya a ciki.

Tarayyar Turai ta kafa irin wannan doka kan tsofaffin motoci a 2000, sannan kan kayan lantarki a 2003.

Wannan ya sa masu ƙera kaya ke tsara su tun farko yadda za a iya kwance su cikin sauƙi idan sun dawo.