Ɗanmasanin Kano da Zaɓen Fid da Gwani na 1978: Ƙuri'ar Wakilai da Ƙuri'ar Ma'aikata

Gabatarwa

A ranar 21 ga Satumba 1978 Gwamnatin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage dokar hana siyasa, wadda ta yi fiye da shekara goma sha biyu tana aiki a Nijeriya. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Zaɓe ta Tarayya, watau FEDECO, ta yi wa jam'iyyu 5 rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Huɗu daga cikinsu an san ɗan takararsu tun ba a yi taro ba, domin kowace tana tafe ne a bayan mutum guda. Awolowo ke da UPN, Waziri Ibrahim ke da GNPP, Malam Aminu Kano ke da PRP, Azikiwe kuma ya karɓi tutar NPP. Jam'iyyar NPN ce kaɗai ta yi takara ta haƙiƙa a cikin gida, kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan takarar Bakano ne, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda aka auna nauyin kowane ɗan takara a wancan taro, da dalilin da ya sa halin da ake ciki a unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa ya shafi wannan awo.

Sharuɗɗan takara

Sabon tsarin mulki ya ɗauko salon shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, amma ya ƙara wani sharaɗi. Bai isa mutum ya fi kowa yawan ƙuri'a ba, sai ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin 19 ne. Manufar ita ce kada a koma siyasar jiha-jiha wadda ta rushe Jamhuriya ta Farko. Saboda haka jam'iyyar da ke neman mulki dole ta nemi mutumin da ba za a ƙi shi a wajen yankinsa ba.

NPN ta amsa wannan sharaɗi da tsarin karɓa-karɓa. Aka ba Arewa ɗan takarar shugaban ƙasa, Gabas ta sami mataimaki, Yamma kuma ta sami shugabancin jam'iyya, wanda ya faɗa hannun Cif Adisa Akinloye. Ma'anar wannan ita ce dukkan 'yan takarar 'yan Arewa ne, amma wakilan jihohi 19 ne za su zaɓa. Wanda ya iya shawo kan wakilan Kudu, ba tare da ya ɓata da dattawan Arewa ba, shi ke da rinjaye.

Mutum shida

Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, malamin makaranta ne wanda ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe ma'aikatu da dama a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'an nan ya zama Kwamishinan Kuɗi na Tarayya daga 1971 zuwa 1975. Ƙarfinsa shi ne ba shi da abokin gaba na a zo a gani, kuma tsofaffin 'yan NPC sun san shi, sun amince da shi. Shi kansa ya sha faɗin cewa kujerar Majalisar Dattawa ya yi niyyar nema.

Malam Adamu Ciroma daga Fataskum, tsohon editan jaridar New Nigerian kuma Gwamnan Babban Banki daga 1975 zuwa 1977, shi ne zaɓin 'yan boko da manyan ma'aikata na Kaduna. Ana ganin ƙwarewarsa, amma bai taɓa tsayawa zaɓe a Jamhuriya ta Farko ba. Dokta Olusola Saraki yana da dukiya da jama'a a Ilori. Joseph Tarka, tsohon shugaban UMBC, shi ne muryar ƙananan ƙabilu na tsakiyar ƙasa. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, bai daɗe da sauka daga shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello ba. Waɗannan uku na ƙarshe kowa ya san da wuya su ci, amma ƙuri'unsu na iya zama abin ciniki idan aka je zagaye na biyu.

Maitama Sule kuwa an haife shi a Kano a 1929, ya tashi a gidan Madakin Kano, ya yi malanta, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 bayan ya ka da Malam Aminu Kano. Daga 1959 zuwa 1966 shi ne Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki, watau a hannunsa harkar man fetur ta fara tasowa. Ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo, kuma a 1976 aka naɗa shi shugaban Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta Tarayya. A fagen magana, da Hausa ko da Turanci, babu kamarsa a cikin su shidan, kuma shekarun da ya yi a Ikko sun tara masa abokai a Kudu. Bugu da ƙari, jiharsa tana cikin waɗanda suka fi kowace yawan masu zaɓe. Idan aka tsaya a nan, sai a ce ya haɗa duk abin da ake nema. Amma akwai tambaya guda wadda wakili mai lissafi ba zai tsallake ba: shin jam'iyyarsa za ta ci Kano?

Kano ta masu ma'aikatu da Kano ta ma'aikata

Amsar wannan tambaya tana da alaƙa da yadda birnin ya sake kama a cikin shekara ashirin da suka gabaci zaɓen. An fara kafa ma'aikatu a Bompai tun shekarun 1950, kusa da layin dogo: masu matse gyaɗa, masaƙu, masu jima, masu yin sabulu da alewa da turare da kwanonin tasa. Da yawansu na Kwarori ne da Turawa. Da arzikin man fetur ya buɗe a shekarun 1970, sai aka yanki fili a Sharaɗa, daga baya kuma a Challawa ta wajen Panshekara, har Kano ta zama ta biyu bayan Ikko a harkar masana'antu.

Wannan bunƙasa ta haifi aji biyu. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun tilasta wa baƙi sayar da hannun jari, kuma a Kano attajiran da suka yi kuɗi a fataucin gyaɗa da goro da kwangila su ne suka saya. Fatake suka zama masu ma'aikatu. Irin wannan jari kuwa rayuwarsa na hannun Gwamnatin Tarayya, domin ita ke ba da lasin shigo da kaya da kuɗin musaya, ita ke sa harajin kwastan da ke kare ma'aikatar gida. Don haka ba abin mamaki ba ne da manyan attajirai irin su Alhaji Aminu Ɗantata da Alhaji Isyaku Rabi'u suka jingina da NPN, tare da yawancin masu sarauta.

A ɗaya gefen akwai dubban ma'aikata da ke shiga ƙofar ma'aikata da asuba. Galibinsu 'yan ƙauye ne da almajirai waɗanda cin rani ya kawo birni, suka zauna haya a unguwanni irin su Fagge da Gwagwarwa da Tudun Wada. Fari na farkon shekarun 1970 ya ƙara koro wasu daga gona. Sun ɗanɗana yajin aiki a 1971 a kan ƙarin albashin Adebo, sun sake ɗanɗanawa a 1975 a kan na Udoji, suka gane cewa mai ma'aikata ba ya sakin haƙƙi sai an matsa. Tunanin da suka taho da shi daga ƙauye, na talaka da mai mulki, na haraji da jangali da aikin tilas, shi ne tunanin da NEPU ta shuka tun 1950. Ba a bukatar dogon wa'azi kafin su gane wanda ke magana da yawunsu.

Malam Aminu Kano ya halarci tarurrukan farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN, amma ya fice, aka kafa PRP a watan Oktoba 1978. Ficewarsa ta raba Kano gida biyu tun kafin a je taron fid da gwani: kuɗi da rawani suka tafi wajen masu cewa "Aminci", yawan jama'a ya tafi wajen masu cewa "Nasara". Ɗanmasani ya je Ikko da wakilan Kano, amma masu zaɓen Kano suna wani wuri.

Taron Ikko

A watan Disamba 1978 wakilai fiye da 2,000 suka taru a Ikko. Da aka ƙirga ƙuri'u, Shagari ya sami 975, Maitama Sule ya zo na biyu da fiye da 500, Adamu Ciroma na uku da kusan 300, sai Saraki, sai Tarka, sai Iya Abubakar. Shagari bai kai rabin ƙuri'un ba, saboda haka bisa ƙa'ida sai an sake zagaye. A lissafi, da ƙuri'un sauran biyar sun haɗu wuri guda, da sun rinjaye shi. Amma ba su da abin da zai haɗa su: mutanen Ciroma sun fi kusa da Shagari, Saraki da Tarka kuma kowa yana duban abin da zai samu a gwamnati mai zuwa. Ba a kai ga zagaye na biyun ba, Maitama Sule ya janye, aka tsayar da Shagari, daga baya aka haɗa shi da Dokta Alex Ekwueme.

Abin da wakilan suka zaɓa shi ne mutumin da kowane ɓangare zai iya zama da shi, wanda kuma gidansa, Jihar Sakkwato, ba a tababar za ta bi jam'iyya. Fasahar magana tana cika fili, amma a ɗakin wakilai abin da ake tambaya shi ne wa ke bayanka, kuma me za ka kawo ranar zaɓe.

Ranar da Kano ta zama ta goma sha uku

Zaɓen 1979 ya gaskata lissafin. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya ci gwamnan Kano. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, Malam Aminu Kano ya kwashe fiye da kashi 76 cikin 100 na ƙuri'un jihar. A ƙasa baki ɗaya Shagari ya sami 5,688,857, Awolowo 4,916,651. Shagari ya cika sharaɗin kashi ɗaya bisa huɗu a jihohi 12, amma a Kano ya sami 243,423 daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94 cikin 100.

A nan rigima ta tashi: nawa ne kashi biyu bisa uku na 19? Awolowo ya ce 13. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu bisa uku na jiha guda. Idan aka ɗauki kashi biyu bisa uku na ƙuri'un Kano, 813,842 ke nan, rubu'insu bai kai 203,461 ba, Shagari kuwa ya wuce haka. Kotun Ƙoli ta amince da wannan a ranar 26 ga Satumba 1979, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Jihar da ta hana ɗanta ƙarfi a taron fid da gwani, ita ce ta kusa hana wanda ya ka da shi hawa kujera, kuma da 'yar ƙuri'ar da ta ba shi aka ɗaure hujjar nasararsa.

Bayan haka kowane ɓangare ya sami ɗan abin da ya zaɓa. Gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali, ta kuma mai da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980. Masu ma'aikatu suka sami kunnen Gwamnatin Tarayya, har zuwa lokacin da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kayan aiki suka yi wuya, aka fara sallamar ma'aikata. Maitama Sule ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin wakilin Nijeriya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Ya rasu a 2017.

Kammalawa

Kanawa sun sake gwada wannan hanya. A 1993 Alhaji Bashir Tofa ya ci zaɓen fid da gwani na NRC, amma bisa sakamakon da aka bayyana kafin a soke zaɓen 12 ga Yuni, Abiola ya rinjaye shi a Kano. A Disamba 2014 Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya zo na biyu a taron APC a Ikko da ƙuri'a 974, Janar Muhammadu Buhari na da 3,430. A 2023 ya tsaya a NNPP, ya ci Kano, bai ci wata jiha ba. Ɗaya ya sami wakilai ya rasa gida, ɗaya ya riƙe gida ya rasa wakilai.

Ga ɗalibin siyasa da ma'aikacin gwamnati, darasin 1978 shi ne a raba tambaya biyu da ake yawan cuɗawa: wa wakilai za su tsayar, kuma wa jama'a za su zaɓa. Ta farko ana warware ta a tsakanin mutum dubu biyu waɗanda suka san juna. Ta biyu a Kano an warware ta ne a ƙauyuka da kasuwanni, da kuma bakin ƙofofin ma'aikatun Bompai da Sharaɗa, wurin mutanen da ba wanda ya gayyata taron Ikko.