Buluz, jaz, rok da klasik: abin da kunne ke nema a kowane faifai

A garuruwan Nijar akan haɗa duk kiɗan da ya tsallako teku a kira shi kiɗan Nasara. Sunan yana ɓoye abu biyu. Na farko, buluz da jaz da rok duk tushensu na wajen baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Na biyu, kowane irin kiɗa da wurin da ake ƙera shi: buluz a muryar mawaƙi, jaz a lokacin da ake busa shi, rok a ɗakin naɗar sauti, klasik kuma a kan takarda. Wanda ya san wannan ya san inda zai kasa kunne. Wanda bai sani ba yakan wuce waƙa bayan daƙiƙa goma, ya ce hayaniya ce.

Faifai da iyakarsa

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai naɗar sauti ta maimaita shi, a 1887 kuma Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai shimfiɗaɗɗe. Faifan da aka fi amfani da shi har ƙarshen shekarun 1940 yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗan kai. Shi ya sa tsofaffin waƙoƙin buluz da jaz gajeru ne, ko da makaɗan sun saba daɗewa a kansu a wurin wasa. A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da dogon faifai mai ɗaukar fiye da minti 20 a kowace fuska. Daga nan makaɗi ya samu filin tsara waƙoƙi a jere, ɗaya na kai wa ɗaya. Kaset ya zo a 1963, faifan CD a 1982, kafin komai ya koma cikin salula.

Buluz: murya da amshinta

Buluz ya tashi a kudancin Amurka, musamman gonakin auduga na yankin kogin Misisipi, bayan an soke bauta a 1865. Waƙar mutum ɗaya ce game da bashi, aikin wahala, tafiya ko rabuwa da masoyi. Tsarinta da aka fi sani layi uku ne: mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sannan layi na uku ya ba da amsa. Idan aka ƙirga bugu huɗu-huɗu sau 12, zagaye ya cika, sai a sake sabo. A ƙarshen kowane layi akwai gurbi, jita ce ke cika shi. Wanda ya saba jin Mamman Shata da ƴan amshinsa zai gane abin nan take: a buluz jita ce ɗan amshi.

Abu na biyu shi ne lanƙwasar sauti. Mawaƙi ba ya dira kan sauti kai tsaye, yakan ja shi sama ko ƙasa, makaɗi kuma ya tura tsirkiya da yatsa ta yi kuka. Masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya nuna a littafinsa na 1999 cewa wannan salo ya fi kama da kiɗan yankin Sahel, har ya kwatanta shi da gogen wani Bahaushe da ya naɗa a Kamaru. Ali Farka Touré na Mali ma ya sha faɗin cewa asalin kiɗan na gida ne.

Mamie Smith ce ta buɗe wa baƙaƙen fata kasuwar faifan buluz a 1920. Robert Johnson ya bar waƙoƙi 29 kacal, waɗanda aka naɗa a 1936 da 1937, daga shi sai jitarsa. Muddy Waters ya bar gona ya koma Shikago a 1943, inda ya jona wa jita lantarki don a ji shi cikin hayaniyar birni.

Jaz: abin da ba ya maimaituwa

Jaz ɗan birnin New Orleans ne, inda buluz ya haɗu da badujalar tituna a farkon ƙarni na 20. Faifansa na farko ya fito a 1917. Yawancin waƙoƙin jaz hanya ɗaya suke bi: ƙungiya ta busa karin waƙar gaba ɗaya, sannan makaɗa su karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙirƙiro nasa nan take bisa zagayen, a ƙarshe a dawo kan karin farko. Kamar mawaƙin biki ne da ya hango baƙo ya shigo, ya ɗora masa baiti ba tare da kiɗa ya tsaya ba.

Saboda haka faifan jaz shaidar rana ɗaya ce. Makaɗi ɗaya, waƙa ɗaya, gobe daban za ta fito. Louis Armstrong, a faya-fayansa na 1925 zuwa 1928, shi ya mayar da mai busa shi kaɗai tauraron kiɗan. Charlie Parker ya ƙara masa sauri da sarƙaƙiya a shekarun 1940. Faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, wanda aka naɗa cikin zama biyu a birnin New York a 1959, shi ne ƙofar da aka fi shiga ta ita, don a hankali yake tafiya. Dabarar sauraro ita ce a riƙe karin farko a zuci, a bi babban goge mai kaurin murya da ake tsinka da yatsa, domin shi ke riƙe da zagayen yayin da mai busa ke yawo.

Rok: aikin ɗakin naɗa

Rok ya fito a tsakiyar shekarun 1950 daga haɗuwar buluz ɗin birni da kiɗan fararen ƙauyukan Amurka. Elvis Presley ya fara naɗa a Memphis a 1954, Chuck Berry a Shikago a 1955. Alamarsa tana cikin ganga: a bugu huɗu, na biyu da na huɗu ake dannawa. Matasan Ingila sun ɗauke shi, har ƙungiyar Rolling Stones ta samo sunanta daga wata waƙar Muddy Waters.

Babban sauyi ya zo lokacin da Beatles suka daina yawon wasa a 1966 suka tare a ɗakin naɗa. Faifansu na 1967, Sgt. Pepper, an gina shi ne hawa-hawa: a naɗi ganga, a ɗora jita, a ɗora murya, a haɗa. Tun daga nan faifan shi ne ainihin waƙar. Mai sauraro yana lura da gajeren karin jita da ke ta dawowa, da kuma abin da ke kunnen dama da wanda ke na hagu. Ƙarar jitar Jimi Hendrix da ke kama da lalacewar rediyo, da gangan aka yi ta.

A nan Nijar tana da nata hannu. Bombino na Agadas ya naɗi faifansa Nomad a Nashville, ya fitar da shi a 2013, kuma Deran na 2018 ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar na jihar Tawa, bahago kamar Hendrix, ya fara da jitar da ya haɗa da wayar birkin keke, waƙoƙinsa suka yaɗu daga salula zuwa salula kafin duniya ta san shi.

Klasik: takarda ɗaya, hannu da yawa

Klasik kiɗan coci-coci da fadodin Turai ne, kuma a rubuce yake. Bach ya rasu a 1750, Mozart a 1791, Beethoven a 1827, duk kafin a ƙera na'urar naɗa. Ba wanda ya taɓa jin su a faifai. Abin da ake ji shi ne yadda wasu suka karanta rubutunsu. Beethoven ya rubuta simfoninsa ta tara yana kurma, aka fara kaɗa ta a Viyana a 1824.

Babbar ƙungiya takan kai mutum 80 zuwa 100, ƙarƙashin jagora mai sanda, kuma simfoni yawanci kashi huɗu ce. Ana kawo ɗan gajeren kari, a juya shi, a miƙa shi daga masu goge zuwa masu busa, a dawo da shi da sabuwar kama. Sunan mai kaɗawa yana da muhimmanci: Glenn Gould na Kanada ya naɗi wani aikin Bach a piyano cikin minti 38 a 1955, ya sake shi a 1981 cikin minti 51. Ga mai farawa, Boléro na Maurice Ravel, ɗan Faransa, na 1928, ya fi sauƙi: ƙaramar ganga na maimaita bugu ɗaya kusan minti 15, sauti na ƙaruwa har ya cika wuri.

Yadda ake sauraro

Ƙaramin bakin salula ba ya fitar da sauti mai kauri, don haka rabin jaz da rok yana ɓacewa. Abin saƙalawa a kunne, ko da mai araha ne, yana dawo da shi. Klasik yana sauka ƙasa ƙwarai kafin ya tashi, sai an samu wuri shiru, kamar bayan isha'i. Ƙarar ƙas-ƙas ta tsohon faifai kuwa ba aibu ba ce, kunne yana mance ta cikin minti ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne jin waƙa ɗaya sau uku: da farko gaba ɗayanta, sannan a bi kayan kiɗa guda daga farko zuwa ƙarshe, a na uku kuma a nemi wa ke kira, wa ke amsawa.