Baikon da Ya Riƙe Aikin Mishan

A 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas ba tare da tabbacin albashi ba. Gowans da Kent suka rasu a 1894, amma mishan ɗin SIM ya ɗore bisa baikon masu bi na Kanada, Amurka da Ingila. Da baikon nan aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950. A 1976 SIM ya miƙa ayyukansa na Nijeriya ga ECWA, nauyin ya dawo wuyanmu. Saboda haka, ya ku shugabannin ikkilisiya a Kakuri da Narayi, ku koya wa masu bi bayarwa da aminci, don kada aikin ya mutu a hannunmu.