Akwatin Amsa-Kuwwar Jita

Wani mai sauraronmu daga Rogo ya rubuto cewa akwatin amsa-kuwwar tsohuwar amfilifayarsa ta jita ya daina aiki, ga shi da ita yake ci da iyali.

To Malam, sifirin ne a cikin akwatin nan, sauti ke kaɗa shi. Laurens Hammond na Amurka ya yi rajistar dabarar a 1941, kamfanin Fender kuma ya kawo ta cikin kayan jita a 1961. A 2009 Belton na Koriya ta Kudu ya sayi Accutronics mai ƙera su, saboda haka ana samun sabo.

Amma fa ba kowanne ke dacewa ba. Kwafi lambar jikin naka, irin su 4AB3C1B, ka kai wa masu gyaran rediyo a Sabon Garin Kano. Su fara duba 'yar wayar ciki tukuna, sau da yawa ita ce ta tsinke.